Tsagewar firam ɗin Jaguar E-Type: Ba kowane ƙarfe ke son walda ba

A watan Maris na shekarar 1961 ne kamfanin Jaguar da ke birnin Coventry na ƙasar Ingila ya baje wata motar gudu mai suna E-Type a kasuwar baje kolin motoci ta Jeniba. Injiniya Malcolm Sayer ne ya tsara siffarta, kuma kamfanin ya ce tana iya cin kilomita 240 cikin awa guda. An ƙera sama da guda 70,000 kafin a dakatar da ita a tsakiyar shekarun 1970. A yau mafi ƙuruciya a cikinsu ta ba shekara hamsin baya, kuma akwai wata cuta da ke addabar masu injin silinda shida, wato tsagewar firam ɗin gaba. Yadda ake tunkarar wannan tsaga darasi ne ga duk mai mota da mai gyaranta.

Sai mai karatu ya san yadda aka gina motar kafin ya gane girman matsalar. Daga gilashin gaba zuwa baya, jikinta dunƙulallen ƙarfe ne guda. Amma daga nan zuwa hanci, wani ƙaramin firam ne na siraran bututai masu kusurwa huɗu, wanda aka ɗaure wa jikin da notuna. Shi ke ɗauke da inji da ƙafafun gaba da sitiyari da murfin inji. An gaji wannan tsari ne daga yayarta D-Type, wadda ta lashe tseren Le Mans na Faransa a 1955 da 1956 da 1957. Idan firam ɗin ya karye ana cikin gudu, to ƙafar gaba da sitiyari ne za su kuɓuce wa direba. Maganar rai ke nan, ba ta ado ba.

Bututan an yi su ne da wani ƙarfe da ake kira Reynolds 531, wanda kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da shi a 1935, ya kuma yi suna wajen ƙera kekunan tsere. Ƙarfe ne mai ƙwari da rashin nauyi, shi ya sa aka yi bangon bututan siriri. Sai dai ba ya jure zafi mai tsanani. Don haka maƙeran Jaguar ba su narka shi wajen haɗawa ba, liƙin tagulla suka yi masa. Tagullar liƙi tana narkewa ne a wajen digiri 900, ta kama bututan ba tare da su kansu sun narke ba, alhali walda sai ta kai ƙarfen ga narkewa, a wajen digiri 1,500.

Me ke jawo tsagar? Na farko gajiya ce: shekaru ana girgiza da karkaɗa, ƙarfen yana lanƙwasuwa kaɗan yana komawa, har wata 'yar tsaga ta ɓullo, galibi kusa da mazaunin inji ko inda firam ya haɗu da jikin mota. Na biyu tsatsa ce, wadda ke cin bututun daga ciki yayin da fentin waje ke ƙyalli. Ruwan batir da ke ɗiga a kan ɓangaren da ke kusa da shi yana ƙara ta'azzara lamarin. Na uku kuwa tsohon hatsari ne da aka miƙe da guduma, ko jak da aka kafa a inda bai dace ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar tsaga ta buɗe, danshi ya samu ƙofa.

A nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Mai mota ya ga tsaga, ya kira mai walda, cikin rabin awa an ɗinke wurin an shafe da baƙin fenti. Ido ya gamsu, amma zafin ya sauya yanayin ƙarfen da ke gefen ɗinkin, ya raunana shi. Bayan ɗan lokaci sabuwar tsaga za ta fito dab da waldar, wannan karo a ƙarƙashin fenti. Shi ya sa shawarar da kamfanin ya bayar tun asali ita ce a sauya firam ɗin da ya lalace, kada a yi masa walda.

Gyara na gaskiya aiki ne mai cin lokaci. Akan sauke murfi da inji da ƙafafun gaba, a kwance firam ɗin, a kankare fentin har sai ƙarfe ya fito fili. Sannan a shafa masa wani jan ruwa mai kutsawa cikin tsaga, a goge, a fesa farar hoda. Duk inda jan layi ya fito, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Akan kuma jijjiga firam ɗin, domin ƙarar ɓarɓashi a ciki alama ce ta tsatsa. Daga nan sai a auna shi a ga ko ya karkace. Idan lalacewar ƙarama ce a wajen wani maƙali, ƙwararren da ya iya liƙin tagulla zai iya ceto shi. Idan bututun ne ya tsage ko ya zaizaye, sabo kawai ya rage, kuma har yau akwai masu ƙera sababbi a Ingila.

Wasu masu tara tsofaffin motoci kan ƙi sauyawa, wai darajar motar tana ga kayanta na asali. Hujjar tana da ƙanshin gaskiya, amma ai ana iya adana tsohon firam ɗin a rumbu saboda tarihi, a hau titi da sabo. Abin da ba ya da uzuri shi ne a rufe tsaga da fenti a sayar wa wani. Wannan ha'inci ne da ka iya zama ajalin bawan Allah.

Ba lallai ba ne mai karatu ya mallaki E-Type kafin wannan ya shafe shi. Motocin zamani da yawa suna da ƙaramin firam a ƙarƙashin inji, wasu na alminiyon, wasu na ƙarfe mai ƙwari, kowanne da irin wutar da yake ɗauka. Saboda haka kafin a kunna wuta, a fara tambaya: wane irin ƙarfe ne wannan, kuma me ya tsaga shi? Makaniken da ya dubi firam ya ce ba zai yi masa walda ba, ko da zai rasa ciniki, shi ne ya cancanci a ba shi amanar mota. Allah Ya kiyaye mu.