Ciwon Sukari a Jikin Kare: Adana Insulin da Daidaita Jini a Gyaɗi-Gyaɗi

Wanda duk ya ratsa unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da tsakar dare, ko ta Titin Zariya ya biyo, ko ta wajen Tarauni, ba zai rasa jin haushin karnuka daga bayan katangun gidaje ba. Galibinsu karnukan gadi ne, a ɗaure su da rana, a sake su da dare, abincinsu kuwa ragowar tuwo ne da ƙanzo da abin da ya saura a tukunya. To, a cikin irin waɗannan karnuka akan sami wanda shekaru suka fara ja, a ga yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, yana ci kamar gara amma kullum sai ƙara ramewa ya ke yi. Wani lokaci har a ga ƙiyashi sun taru a inda ya yi fitsari. Mai gida ya ce tsufa ne, maigadi ya ce tsutsar ciki ce. Sau da yawa ba ko ɗaya, ciwon sukari ne, irin wanda a ke jinyar mutane dominsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan bakin unguwar.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana cikin Hausa yadda wannan ciwo ya ke, da yadda a ke riƙon maganinsa a ƙasa mai zafi irin tamu.

Asalin ciwon

A cikin cikin kare, kusa da farkon ƙaramin hanji, akwai wata tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Duk abincin da kare ya ci mai gari, tuwo ne ko shinkafa, yakan narke ya zama sukari ya shiga jini. Amma sukarin nan ba ya iya wucewa daga jini ya shiga naman jiki sai da insulin, kamar yadda hatsi ba ya shiga rumbu sai an buɗe baki. Idan insulin ya yanke, sai sukari ya taru a jini, jiki kuwa yana fama da yunwa. Jinin lafiyayyen kare yana ɗauke da sukari wajen miligiram 70 zuwa 120 a cikin kowane kashi ɗaya bisa goma na lita. Da ya haura wajen 200, sai ƙoda ta kasa riƙe shi, ya zubo cikin fitsari, ya janyo ruwa tare da shi. Dalilin yawan fitsari da ƙishirwa ke nan. Saboda haka kuskure ne babba a hana wa irin wannan kare ruwa don a rage masa fitsari.

Sunan da muka ba ciwon, watau ciwon sukari, yakan sa mutane su zaci hana zaƙi shi ne magani. A wajen kare ba haka abin ya ke ba. Kusan duk karen da ya kamu, tsokar nan ta daina aiki ne, ba ta kuwa komawa. Ƙwayoyin haɗiya da a ke ba mutane ba su yi masa amfani, sai dai allurar insulin, kullum, har iyakar ransa. Ciwon ya fi kama karnukan da suka manyanta, ya kuma fi kama karya wadda ba a cire wa mahaifa ba, domin bayan lokacin barbara jikinta yakan fitar da sinadaran da ke hana insulin aiki. Don haka likitocin dabbobi ke ba da shawarar a yi wa irin wannan karya aikin cire mahaifa da ƙwai da zarar ta ɗan farfaɗo.

Bashin da kare ke bin ɗan Adam

Ya kamata mai karatu ya sani, ta hanyar kare aka gano maganin nan tun farko. A shekarar 1889, a birnin Sitirasbog, waɗansu masana biyu, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa wani kare fankiriyas, sai ga shi ya kamu da ciwon sukari. A shekarar 1921 kuma, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka tatso ruwan tsokar nan suka yi wa karnukan da aka cire wa ita allura, sukarin jininsu ya sauka. Wata karya da suka sa wa suna Marjorie ta rayu wajen kwana 70 a kan wannan allura. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa mutum, wani yaro ɗan shekara 14, ya kuwa tashi. Ashe ke nan duk mai ciwon sukarin da ke yin allura yau a Kano ya ci moriyar kare. In an waiwayo an yi wa kare jinya da wannan magani, rama alheri ne.

Adana maganin a ƙasar zafi

Insulin abu ne marar juriya. Zafi yana kashe ƙarfinsa, hasken rana haka, daskarewa kuma ta fi su duka ɓarna. Kwalbar da ba a buɗe ba, ƙa'idarta a ajiye ta a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kada a sa ta a gidan ƙanƙara, kada kuma a jingina ta da bangon baya na firiji inda abu ke daskarewa. Kwalbar da ta taɓa daskarewa ta tashi daga aiki, ko da ta narke ta koma kamar da. Wadda aka fara amfani da ita kuwa, a rubuta ranar buɗewa a jikinta, a bi wa'adin da ke rubuce a takardar maganin, yawanci mako huɗu ne zuwa shida.

Sai dai kowa ya san halin da a ke ciki. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, wutar lantarki kuma takan ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba. Firijin da aka rufe a ɗaki ba wuta kwana biyu ya zama akwati kawai. A nan ne hikimar iyayenmu ta randa ke da amfani. Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, shi ke janye zafi. Sai a sa kwalbar insulin cikin wani mazubi mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Dabarar ta fi ci da bazara da hunturu, sa'ad da iska ta ke busasshiya. Da damina sanyinta yakan ragu.

Akwai kuma abin kwantar da hankali. A shekarar 2021 masana na Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya. Sun tarar insulin na mutane bai rasa ƙarfinsa ba har mako huɗu, a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Amma fa a lura, zafin nan yana sauka da dare ne. Kwalbar da aka manta a cikin mota da rana tsaka, ko a kan taga, ba ta shiga wannan lissafi ba.

Allura da sirinji

Insulin iri biyu ne a ke yawan yi wa kare. Akwai wanda aka yi musamman domin dabbobi, mai suna Caninsulin, wanda a Amurka a ke kira Vetsulin. Daga jikin alade a ke samo shi, gama insulin na alade da na kare ƙirarsu ɗaya ce. Yana da awo 40 a kowace mililita, kuma a kan girgiza shi sai ya yi fari kamar madara kafin a ja. Akwai kuma na mutane mai gurɓi-gurɓi, irin su Insulatard da Humulin N, waɗanda ba daga dabba a ke samo su ba. Su galibi awo 100 ne a mililita, ba a kuwa girgiza su da ƙarfi, sai a murza kwalbar a hankali tsakanin tafin hannu.

Kowane iri da sirinjinsa, a nan ne kuma a ke yin kuskuren da ke kisa. A ɗauka ga kare mai nauyin kilo 20, likita ya fara shi da awo 5 safe da yamma, watau rubu'in awo ga kowane kilo. Idan aka ɗauki sirinjin 40 aka ja insulin mai ƙarfin 100 zuwa layin 5, abin da aka ja awo goma sha biyu da rabi ne, ninki biyu da rabi ke nan. In kuwa aka juya, aka ja mai ƙarfin 40 da sirinjin 100, awo 2 kaɗai kare zai samu. Don haka kafin a bar shagon magani a duba lambar da ke jikin kwalba da wadda ke jikin sirinji, a tabbata sun dace. Allurar kanta ƙarƙashin fata a ke yi, a tattaro fatar gefen ƙirji ko ta gefen ciki da yatsu, a riƙa sauya wuri. Adadin awo kuwa aikin likitan dabbobi ne, ba na mai shago ba, ba kuma na maƙwabci mai irin ciwon ba.

Abinci da lokaci

Insulin da abinci kamar kaya biyu ne a kan jaki, in ɗaya ya rinjayi ɗaya sai mangala ta zube. Ana ba kare abinci sau biyu, tsakaninsu sa'a 12, misali ƙarfe bakwai na safe da bakwai na dare, iri ɗaya, mudu ɗaya, sa'an nan a yi allura bayan an ga ya ci. Ragowar tukunya ba ta yi, domin yau ta yi yawa gobe babu. Da azumi lokutan girkin gida sukan sauya, amma na karen kada ya sauya. Da Babbar Salla kuma a kiyaye shi da kitsen layya, gama abinci mai maiƙo da yawa yana iya kumbura fankiriyas ya dagula jinyar duka. Yawon da ya ke yi da dare shi ma ya zama kamar yadda ya saba, don gudu mai yawa yana saukar da sukari.

Idan kare ya ƙi cin abinci, kada a yi masa cikakkiyar allura, a nemi likita. In kuma aka yi shakka ko an yi allurar safe ko ba a yi ba, kada a sake. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Hawan sukari na yini ɗaya ba ya kisa, amma faɗuwarsa tana kisa cikin sa'o'i kaɗan. Shi ya sa ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙe aikin, da littafin da zai riƙa rubuta lokaci, da awo, da abin da kare ya ci, da yawan ruwan da ya sha.

Alamun haɗari

Da sukari ya faɗi ƙasa da wajen 60, sai kare ya yi laushi, jikinsa ya ɗauki rawa, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, har ya kai ga farfaɗiya ko suma. Nan take a shafa masa zuma ko dama-dama na sukari a dasashi, a kula da yatsu kada ya ciza. Kada a ɗura masa ruwa yana kwance, zai shaƙe. Da ya farfaɗo a ba shi abinci, a garzaya da shi asibitin dabbobi. Ɗaya haɗarin kuwa shi ne na karen da ya daɗe ba insulin ko aka yi ta yi masa da lalatacce: amai, ƙin abinci, da kwanciya. Wannan ma na asibiti ne, ba na jira ba.

Ba a ƙara awo don gwaji guda ya nuna sukari ya hau, domin wani lokaci allura ce ta yi yawa, sukari ya faɗi, jiki ya yunƙura ya mayar da shi sama. Abin da likita ke yi shi ne, bayan mako ɗaya ko biyu da fara wani adadi, ya auna jinin kare duk bayan sa'a biyu daga allurar safe zuwa ta dare, ya ga inda ya fi sauka. Ba a neman jinin ya koma daidai da na lafiyayye. In ƙishirwa ta ragu, fitsari ya ragu, nauyi ya tsaya, an ci nasara. Yanar ido kuwa takan sauko wa yawancin karnuka masu wannan ciwo ko da ana kula da su, amma makahon kare yana sanin gidansu da hanci da kunne.

Jinyar nan tana cin kuɗi, tana kuma cin haƙuri, ba a kuwa hutu a cikinta. Ya kamata mai kare ya zauna da likita tun ranar farko ya auna ƙarfinsa, ya san wanda zai riƙe allura in ya yi tafiya, da inda zai sami wata kwalba kafin wadda ke hannu ta ƙare. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Karen da ya shekara bakwai yana kwana a farke domin mutanen gida su yi barci, in tsufa ya zo masa da wannan ciwo, ya cancanci tukunya mai sanyi, da sirinjin da ya dace, da abinci a kan lokaci.