BABI NA UKU: LISSAFIN YAU DA KULLUM A ƘASAR ROGO

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan rukunan lissafi guda huɗu, wato tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, da yadda mutanen ƙasar Rogo suke amfani da su a harkokinsu. Rogo ƙaramar hukuma ce a yammacin Jihar Kano, wadda ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, kuma dokar masarautu ta 2024 ta haɗa ta da Ƙaraye a ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Mafi yawan jama'ar garuruwanta, irin su Zarewa da Fulatan da Gwangwan da Zoza, manoma ne da 'yan kasuwa. Abin da babin yake son nunawa shi ne, ba kasafai mutumin karkara yake kuskure wajen lissafin kansa ba. Inda hasara take shigo masa shi ne wajen ma'aunin da aka gina lissafin a kai.

3.1 Ƙidaya da Sunayen Kuɗi

Tun kafin zuwan boko Bahaushe yana da ƙidayarsa. Daga ɗaya zuwa goma kalmominsa ne, amma ashirin da talatin har zuwa casa'in aro ne daga Larabci, haka ma metan (200) da arbaminya (400) da hamsaminya (500). Abin lura shi ne, tarawa da ɗebewa suna cikin ƙidayar ita kanta. Wanda ya ce “ashirin da uku” ya yi tarawa, wanda kuma ya ce “ashirin ba ɗaya” ko “ɗari ba biyar” ya yi ɗebewa, ko da bai taɓa jin sunan darasin ba.

Kuɗi ne suka fi horar da mutane a wannan fage. A zamanin wuri biyar-biyar ake jan sa ana tarawa tsibi-tsibi, kuma wuri 20,000 shi ne keso guda. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar dalar azurfa ɗaya. Da Turawa suka kawo nasu kuɗin sai lissafi ya koma kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ga taro (kwabo 3) da sisi (kwabo 6) da nai (kwabo 9) a tsakani. A ranar 1 ga Janairu, 1973, aka fito da naira, aka mayar da fam ɗaya naira 2. Sai dai tsohon sunan bai mutu ba, domin dattawa sun ci gaba da cewa fam suna nufin naira 2, jaka kuwa fam 100, wato naira 200. Saboda haka dattijon da ya ce ya sayi akuya “jaka goma” a shekarun baya naira 2,000 yake nufi, kuma yaron da bai san wannan ba zai yi tarawarsa daidai ya sami amsar da ba daidai ba.

3.2 Tarawa da Ɗebewa

Waɗannan biyu ba su buƙatar dogon bayani. Mai shago ba ya ɗebewa irin ta makaranta idan zai ba da canji. Hawa yake yi daga kuɗin kaya zuwa kuɗin da aka ba shi. Idan an sayi kayan naira 650 aka ba shi 1,000, sai ya ce hamsin ta cika ɗari bakwai, ɗari uku ta cika dubu. Mace mai adashi kuwa tana riƙe da zubin kowa da kwasar kowa a ka, wani lokaci da zane a jikin bango.

3.3 Ninkawa da Matsalar Awo

A nan ne lissafi ya fi shafar aljihun manomi. Ana auna hatsi da tiya, wadda ake kira kwano, kuma abin da aka saba shi ne tiya 40 su cika buhu. Mai awo ba ya haddace jadawalin sau. Hanyarsa ita ce ya nemi kuɗin goma, sa'an nan ya yi ta riɓawa. A ɗauka ana sayar da tiyar masara naira 1,200. Zai ce goma dubu goma sha biyu, ashirin dubu ashirin da huɗu, arba'in dubu arba'in da takwas. Kafin ɗan makaranta ya gama jera lambobi a takarda, shi ya ba da amsar naira 48,000. Wannan dabara ba ta gaza ta boko ba, don kuwa ƙa'idarsu ɗaya ce, wato sau 40 daidai yake da sau 10 sau 2 sau 2.

To amma tiya ba abu ne mai girma ɗaya ba. Akwai kwanon da ya fi wani zurfi, akwai wanda aka bubbuga gindinsa, sa'an nan akwai bambanci tsakanin awo mai tozo da wanda aka shafe. Idan manomi ya kawo buhun da ya auna tiya 40 a gida, mai saye ya sake aunawa da nasa kwanon aka sami 38, an rage masa tiya 2. A ido wannan ba wani abu ba ne, shi ya sa da yawa suke haƙura. Amma tiya 2 cikin 40 kashi ɗaya ne cikin ashirin. Manomin da ya sayar da buhu 20 ta wannan hanya ya yi kyautar buhu guda cur, ban da la'adar dillali da kuɗin dako. Duk lissafin da aka yi a gabansa daidai ne, kuma ko an ɗauko kalkuletar waya amsar da za ta bayar ke nan. Na'urar ba ta san girman kwanon ba.

3.4 Rabawa: Zakka da Gado

Rabawa ita ce ta fi sauran nauyi a idon jama'a, domin ta shafi hakkin Allah da hakkin marayu. Bisa mazhabar Malikiyya, nisabin hatsi wusƙi 5 ne, kowane wusƙi sa'i 60, kowane sa'i kuma mudun Annabi 4, wato mudu 1,200 ke nan. Amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ushiri, ɗaya cikin goma. Wanda aka shayar da wahala, kamar noman rani da injin ban-ruwa, rabin ushiri ne, ɗaya cikin ashirin. Manomin dawa ya sauƙaƙa wa kansa wannan tun a gona: yana ƙirga dami, duk na goma ya ware shi gefe. Ta haka ya raba amfaninsa gida goma ba tare da ya jira jimla ba. Matsalar ma'auni ta sake ɓullowa a nan, saboda mudun Annabi bai kai tiyar kasuwa ba, kuma wanda ya ƙirga 1,200 da tiya zai zaci bai kai nisabi ba alhali ya wuce shi nesa.

Gado kuwa ba a barin sa ga lissafin ka, malami ko alƙali ake nema. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Bayan an biya bashi da wasiyya, a ce dukiyar ta tsaya a naira 2,400,000. Matar tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, wato 300,000. Ragowar 2,100,000 za a kasa ta gida 7, domin kowane namiji yana da rabon mace biyu. Kowace 'ya za ta sami 300,000, kowane ɗa 600,000. Rukunan nan huɗu duk sun shigo cikin wannan misali guda.

Sai dai a ƙasar Rogo ba tsabar kuɗi aka fi bari ba, gona ce da gida da dabbobi. Kafin a raba sai an yi musu ƙima, kuma gonar fadama da ake noma rake ba ta zama ɗaya da ta tudu ko da faɗinsu ɗaya ne. Shi ya sa ake gayyato dattawan da suka san ƙasar wurin su kewaya gonakin tare da magada, a amince da kuɗin kowace gona, kafin malami ya ɗauki alƙalami.