Ƙa'idojin Gina Ɗakin Sanyi da Ɗumama Ɗaki a Karkara

Muna jawo hankalin al'ummar Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda cewa duk mai niyyar gina ɗakin sanyi domin adana nama, kifi ko ƙanƙara, ya fara tuntuɓar ƙaramar hukumarsa, kasancewar Dokar Filaye ta 1978 ita ta ɗora wa alhakin ba da izinin filayen karkara. Haɗa wutar lantarki kuwa, aikin ma'aikaci ne mai takardar shaidar hukumar NEMSA. Janareta a ajiye shi waje, nesa da taga. Haka nan lokacin hunturu, kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa. Muna roƙon uwayen ƙasa da hakimai su faɗakar da jama'a.