ANOBON: TSIBIRIN DA WUTA TA HAIFA A TSAKIYAR TEKU

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san kududdufi. Da rani sai a gan shi ƙurmus, ba komai a ciki sai tsattsagewar laka. Amma da an yi ruwa biyu ko uku, kafin a ankara kwaɗi sun cika unguwa da kuka, balbelu sun sauka, kainuwa ta rufe fuskar ruwan. Ba wanda ya shuka ta, shi ya sa Bahaushe ke yi mata kirari da dashen Allah. Mai nazarin halittu kuwa ba ya tsayawa a kan kirarin, sai ya tambaya: ta wace hanya waɗannan halittu suka iso?

Wannan tambaya ta fi nauyi idan aka juya al'amarin, wato maimakon ɗan ruwa a tsakiyar ƙasa, aka sami 'yar ƙasa a tsakiyar ruwa. Kimanin kilomita 1,500 kudu da Kano, a cikin Tekun Atilantika, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Anobon. Bai taɓa haɗewa da nahiyar Afirka ba ko da na rana ɗaya, amma ga shi lulluɓe da daji, kuma yana da tsuntsayen da ba a samun irinsu ko'ina a duniya sai a can.

Inda tsibirin yake

Anobon yanki ne na ƙasar Ikwatoriyal Gini, ko da yake ya yi nisa ƙwarai da sauran sassan ƙasar. Yana kudu kaɗan da layin ikwaita, kimanin kilomita 350 yamma da gaɓar ƙasar Gabon, kuma kimanin kilomita 180 kudu maso yamma da tsibirin Sao Tome. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 6, faɗinsa kuwa kimanin kilomita 3, gaba ɗaya murabba'in kilomita 17 ke nan. Wato shi da tsohon birnin Kano na cikin ganuwa ba su da nisa da juna wajen girma.

Sai dai shimfiɗarsu ta sha bamban. Ƙololuwar Dutsen Dala tana kimanin mita 530 bisa fuskar teku, amma hawansa ba shi da wuya, domin shi kansa birnin Kano yana zaune ne a kan tudu mai kusan mita 480. Dutsen Kiyobeyo na Anobon kuwa mita 598 ne, kuma daga bakin ruwa ake fara hawansa. Bugu da ƙari, abin da ido ke gani ɗan kan dutsen ne kawai, gindinsa yana can ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 3,000.

Asalin duwatsun biyu ma ba ɗaya ba ne. Dala marmara ce mai tama, wadda maƙeran farko na Kano suka riƙa narkawa suna fitar da ƙarfe. Anobon kuwa dutse ne mai aman wuta wanda ya daɗe da mutuwa. Narkakken dutse ne ya riƙa ɓulɓulowa daga ƙasan teku yana daskarewa, wani bisa wani, har tulin ya huda fuskar ruwa. Duwatsun da suka fi tsufa a tsibirin sun kai shekara miliyan 5 zuwa 6. Bakin da wutar ke fita a dā yanzu ya cika da ruwan sama ya zama tafki, wanda ake kira Lago A Pot.

Jerin da ya iso har Biu

Anobon ba shi kaɗai ba ne. Shi ne na ƙarshe daga kudu a wani dogon jeri na duwatsu masu aman wuta, mai tsawon kimanin kilomita 1,600, wanda masana ke kira Layin Kamaru. Idan aka ɗora magwaji a kan taswira aka nufi arewa maso gabas daga Anobon, za a bi ta kan tsibiran Sao Tome da Principe da Bioko, sannan a hau tudu a Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Gaba kaɗan akwai Tafkin Nyos, inda iska mai shaƙewa ta taso daga ƙasan ruwa ranar 21 ga Agusta, 1986, ta halaka mutane fiye da 1,700. Reshen jerin na arewa ya shigo Nijeriya har tsaunukan Biu a Jihar Borno, inda Tafkin Tila yake zaune a bakin wani mataccen dutse, kamar dai tafkin Anobon. Ashe ke nan ɗalibin da ya taɓa zuwa Biu ya taka irin baƙin dutsen da aka gina wannan tsibiri da shi.

Zuwan mutane

Lokacin da Sarki Muhammadu Rumfa yake mulkin Kano, daga 1463 zuwa 1499, babu ɗan Adam ko ɗaya a Anobon. A zamaninsa ne, a farkon shekarun 1470, matuƙan jiragen ruwa na Fotugal suka hango tsibirin ranar 1 ga Janairu, don haka suka raɗa masa suna Ano Bom, wato shekara mai kyau. Daga baya suka kawo bayi 'yan Afirka ta hanyar Sao Tome suka zaunar da su, kuma jikokin waɗannan bayin ne mutanen tsibirin na yau. Harshensu, Fa d'Ambu, ya samo asali ne daga cuɗanyar harshen Fotugal da harsunan Afirka. Jiragen ruwa masu doguwar tafiya sukan yada zango a nan su ɗebi ruwan sha da lemo.

A 1778 Fotugal ta miƙa Anobon da Bioko ga Sifen. Mutanen tsibirin suka ƙi karɓar sababbin iyayen gijin, suka ci gaba da mulkin kansu har fiye da shekara 100, sai a 1885 'yan mishan na Sifen suka sami gindin zama. Ranar 12 ga Oktoba, 1968, Ikwatoriyal Gini ta sami mulkin kai tare da tsibirin a cikinta. Nisan da ya kāre su daga 'yan mulkin mallaka shi ne kuma ya cutar da su a 1973, lokacin da annobar kwalara ta kashe jama'a da yawa ba tare da agaji ya iso ba. Ƙidayar 2015 ta nuna mutanen tsibirin sun ɗan haura 5,000, mafi yawansu a garin San Antonio de Pale da ke arewacinsa. Sana'arsu su a cikin kwalekwale, da noman rogo da ayaba da doya.

Teku a matsayin rariya

Ranar da tsibirin ya fara leƙowa daga ruwa, baƙin dutse ne tsura, ba ciyawa ba ƙwaro. Saboda haka duk wani mai rai da ke kansa, in ban da abin da mutum ya kawo, kakanninsa sun ƙetare teku ne da kansu. Hanyoyin ƙetarewa uku ne. Ta farko iska: tsuntsaye da jemagu da ƙwari masu fiffike, da kuma ƙwayoyin tsirrai marasa nauyi kamar ƙura. Ta biyu jikin tsuntsu: iri yakan maƙale a gashinsa ko a lakar ƙafarsa, ko ya haɗiye shi ya kasayar a tsibiri. Ta uku ruwa: manyan koguna irin su Kwango da Ogowe sukan tumɓuke itatuwa da curin ciyayi lokacin ambaliya su tura su teku, tare da ƙadangaru da macizai da katantanwa da suka maƙale a kai. Wannan ba zato ba ne kawai. A 1995, bayan wata mahaukaciyar guguwa, masunta sun ga wasu manyan ƙadangaru masu kama da damo, aƙalla 15, sun iso tsibirin Angila na yankin Karibiyan a kan tarin itatuwa.

To amma ba kowa ke iya wannan tafiya ba. Teku tamkar rariya take, tana barin wasu su wuce, tana tare wasu. Tun a 1859 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya lura cewa da wuya a sami kwaɗo a tsibiran tsakiyar teku, domin ruwan gishiri yana kashe kwaɗo da ƙwansa. Haka abin yake a Anobon: ga tafki ga damshi, amma ba kwaɗo. Ba biri, ba gada, ba wata dabba mai shayarwa ta asali sai jemage. A Sao Tome da Principe an sami 'yan nau'o'in kwaɗi, kuma masana suna ganin kakanninsu sun zo ne a kan curin ciyayi, cikin ruwan kogi mara gishiri da ke malala nesa cikin teku da damina.

Kwatanta Anobon da Bioko yana ƙara fito da wannan batu fili. Bioko yana da nisan kimanin kilomita 32 kacal daga Kamaru, kuma ruwan da ke tsakaninsu bai kai zurfin mita 100 ba. Shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta riƙe ruwan duniya mai yawa, fuskar teku ta sauka da kimanin mita 120, sai Bioko ya haɗe da nahiya, dabbobi suka shiga da ƙafafunsu. Shi ya sa yake da birai iri-iri da gada da kwaɗi, da tsuntsaye kusan nau'i 200. Tsuntsayen tudu masu hayayyafa a Anobon kuwa ba su kai nau'i 20 ba. A 1967 wasu masana biyu na Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka bayyana ƙa'idar: gwargwadon ƙanƙantar tsibiri da nisansa, gwargwadon ƙarancin nau'o'in halittunsa.

Baƙon da ya zama ɗan gari

Abin da tsibiri mai nisa ya rasa wajen yawa, ya samu wajen keɓanta. 'Yan tsirarun da suka isa sun rabu da danginsu, sun tarar da abinci da yanayi dabam, kuma a cikin dubban zuriya sai kamanninsu suka sauya. Duk da yawan tsuntsayen Bioko, waɗanda suka keɓanta da shi ba su wuce biyu ko uku ba, alhali Sao Tome da Principe suna da fiye da 25.

A Anobon akwai wani ɗan tsuntsu mai launin kore-kore, da farin zobe kewaye da idonsa kamar an zizara masa farin kwalli, wanda masana ke kira Zosterops griseovirescens. Yana da yawa a duk inda itace yake a tsibirin, amma ba shi a wani wuri. Akwai kuma Terpsiphone smithii, mai jan jiki da baƙin kai, wanda ke cafke ƙwari a iska. Dukansu biyu suna da dangi a dazuzzukan Nijeriya. Jemagen tsibirin shi ne irin wanda ake gani gungu-gungu a manyan itatuwan biranen Nijeriya, Eidolon helvum, sai dai na Anobon ya fi ƙanƙanta, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ya daɗe ba ya cuɗanya da na nahiya. Akwai ƙadangaru da wani koren maciji mara dafi da suka keɓanta da tsibirin. A ƙananan duwatsun da ke kewaye da shi tsuntsayen teku ke yin sheƙa, sannan tsakanin Yuli da Oktoba ƙattin dabbobin teku da ake kira wel, masu siffar kifi amma masu shayar da 'ya'yansu nono, sukan zo daga tekun kudu mai sanyi su haihu a ruwan ɗumi.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wata 'yar mujiya, Otus feae, wadda aka sa wa sunan Leonardo Fea, ɗan Italiya da ya tattaro samfurinta a 1902. Tana zaune ne a dajin da ke kan tudu kawai, kuma an kiyasta cewa manyanta ba su kai 250 ba.

Abin da ke cikin haɗari

Halittar tsibiri ba ta da wurin gudu. Idan aka sare daji a wani yanki na nahiya, tsuntsu yakan koma gaba. A Anobon gaba teku ce. Daɗin daɗawa, halittun da suka yi dubban shekaru ba su san magauci ba, ba su iya kāre kansu daga ɓeraye da kyanwoyin da jiragen ruwa suka kawo ba. Tsibirin Morishas ya ga irin wannan: wani babban tsuntsu mara tashi da Turawa suka kira dodo, ba dodon tatsuniya ba, ya ƙare ƙaf kafin ƙarshen ƙarni na 17, ƙasa da shekara 100 bayan zuwan matuƙan jirgi da dabbobinsu. An ayyana Anobon a matsayin wurin kiyaye halittu a shekarar 2000, amma faɗaɗa gonaki da gine-gine suna ci gaba da cin dajin, kuma mutanen tsibirin suna da haƙƙin neman abinci. Daidaita waɗannan buƙatu biyu shi ne babban aikin da ke gaban hukuma da masana.

Darasin Anobon bai tsaya a teku ba. Kurmin da gonaki suka kewaye shi tsibiri ne, haka ma kududdufin da gidaje suka kewaye. Ƙa'idar MacArthur da Wilson tana aiki a kansu duka: idan aka rage musu girma, aka nisanta su da juna, nau'o'in da ke ciki za su ragu. Malami zai iya gwada wannan da ɗalibansa ba tare da kashe ko kwabo ba. A zaɓi kududdufi biyu, babba da ƙarami, a riƙa duba su daga gefe sau ɗaya a mako tun daga ruwan farko, ana rubuta abin da ya fara bayyana. Sannan a tambayi kowace halitta hanyarta: wadda ta zo da fiffike, da wadda ta zo a ƙafar balbela, da wadda ta kwana cikin laka tun bara kamar gaiwa. A ƙarshen damina, ɗaliban za su ƙirga su ga wane kududdufi ne ya fi tara baƙi.