Wae Rebo: Ƙauyen Indonesiya Da Ba A Isa Gare Shi Sai Da Ƙafa

ƘASAR Indonesiya tarin tsibirai ce fiye da 17,000, kuma ƙidayar da aka yi cikin shekarar 2020 ta nuna mutanenta sun kai miliyan 270. Abin da aka fi saninta da shi a nan shi ne yawan Musulmi, da babban birninta Jakarta, da kuma taliyar Indomie wadda asalinta daga can ne. Amma can gabashin ƙasar, a kan tsibirin Flores, akwai wani ɗan ƙauye mai gidaje bakwai da ake kira Wae Rebo, wanda sunansa ya zaga duniya alhali kuwa har yau mota ba ta shiga cikinsa.

Ƙauyen yana cikin gundumar Manggarai ne, a lardin Nusa Tenggara ta Gabas. An kafa shi a wani kwari tsakanin duwatsu, a wuri mai tudu da ya ɗara tsayin bakin teku da wajen mita 1,100. Kurmi ya kewaye shi ta ko'ina, hazo kuwa kan sauko ya lulluɓe shi safe da yamma. Mutanen wurin 'yan ƙabilar Manggarai ne. Suna bin ɗariƙar Katolika kamar akasarin mutanen Flores, amma ba su saki al'adun kakanninsu ba. Bisa tarihin da suke bayarwa da baki, kakansu mai suna Empo Maro daga ƙasar Minangkabau ya fito, watau can tsibirin Sumatra, ya yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan har ya yada zango a nan.

GIDAJEN DA ZAMAN CIKINSU

Gidajen nan bakwai, waɗanda ake kira mbaru niang, su ne abin kallo. Kowannensu yana da siffar jinka babba, mai tsini a sama, wadda ta sauko har kusa da ƙasa, tsayinta kuwa ya kai wajen mita 15. Da katako da gora ake gina su, a ɗaure da igiyar kurmi ba tare da ƙusa ba, sa'an nan a rufe da ganye da zaren wani irin kwakwa. An jera su ne kamar rabin da'ira, suna fuskantar wani dandamalin duwatsu da ake kira compang, inda ake yanka da sauran bukukuwan gargajiya.

Kowane gida hawa biyar gare shi. A na ƙasa iyalai suke zaune, daga shida zuwa takwas a gida guda, kowane iyali da ɗan ɗakinsa a gefe, murhu kuwa yana tsakiya. Hayaƙin murhun nan shi ke busar da rufin, ya kuma kore ƙwari daga katako. A hawa na biyu ake ajiye abinci da kayan yau da kullum, a na uku irin shuka, a na huɗu kuwa tanadin da ba a taɓawa sai an yi fari ko amfanin gona ya gaza. Na biyar an keɓe shi domin abin da ake miƙa wa kakanni. Watau dai gida ɗaya ya haɗa ɗakin kwana da rumbu da wurin ibada.

Noma ita ce sana'ar mutanen. Gahawa ce babbar hanyar samun kuɗinsu, sai rogo da masara da sauran abin da ake ci a gida. Mata suna saƙar zannuwa masu ado. Duk abin da za a sayar, a ka ko a kafaɗa ake sauka da shi, haka nan shinkafa da gishiri da sauran kayan masarufi ake hawa da su. Babu makaranta a ƙauyen, saboda haka da yaro ya isa shiga aji sai a saukar da shi ƙauyukan gindin dutse, musamman Kombo, inda iyalai da yawa suke da gida na biyu. Mara lafiya ma haka, in ciwo ya tsananta sai 'yan'uwa su ɗauko shi su sauko da shi. Cikin watan Nuwamba ake bikin Penti, na godiya saboda amfanin gona da shiga sabuwar shekarar noma, lokacin da 'yan ƙauyen da ke nesa sukan komo gida.

YADDA AKA CECI GIDAJEN

Saura kaɗan wannan irin gini ya ɓace daga ƙasar Manggarai baki ɗaya, domin tun cikin ƙarnin da ya wuce aka riƙa jawo hankalin jama'a su koma ƙananan gidaje na zamani. Sa'ad da wani masanin zanen gine-gine daga Jakarta, Yori Antar, ya isa Wae Rebo da abokan aikinsa cikin 2008, gidaje huɗu kaɗai suka tarar a tsaye, wasunsu ma sun tsufa ƙwarai. Ƙungiyarsa mai suna Rumah Asuh ta nemo gudummawa, amma ta bar aikin ginin a hannun dattawan ƙauyen, don samari su koya daga gare su. Zuwa 2011 gidajen sun sake cika bakwai. Cikin 2012 hukumar UNESCO ta ba aikin lambar yabonta mafi girma ta kiyaye kayan tarihi a yankin Asiya da Fasifik. Daga nan ne fa baƙi suka fara tururuwa.

MAGANAR MALLAKAR ƘASA

Duk wanda ya ga hotunan wurin zai iya sha'awar ya sayi fili ya gina masauki. To, a nan ne gizo ke saƙa. A al'adar Manggarai ƙasa ta zuriya ce. Akwai dattijon da ake kira tu'a teno, wanda shi ke raba gonaki. Yakan kafa turke a tsakiyar fili, a ja layuka daga nan zuwa gefe, kowane magidanci ya sami yankinsa gwargwadon matsayinsa da yawan iyalinsa. Ana iya ganin irin wannan rabo a gonakin shinkafa na Cancar, kusa da garin Ruteng, waɗanda in an hango su daga tudu sai ka ce saƙar gizo-gizo.

Dokar ƙasa ta Indonesiya ta 1960 ta amince da wannan haƙƙi na gargajiya. Ta kuma ce cikakkiyar mallaka, wadda suke kira hak milik, ta ɗan ƙasa ce kaɗai. Baƙo ba ya samun sai haya, ko izinin amfani na ƙayyadadden lokaci mai suna hak pakai, wanda bisa ƙa'idar 2021 yakan fara da shekara 30, a ƙara 20, a kuma sabunta da wasu 30. Wasu baƙi sukan yi dabarar saye da sunan wani ɗan ƙasa. Doka ba ta san wannan ciniki ba, hasali ma ta tanadi cewa filin da aka mallaka wa baƙo ta bayan fage zai koma hannun gwamnati, kuɗin da aka biya kuwa ba a mayarwa. Har ila yau, cikin 2013 Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci cewa kurmin gargajiya ba kurmin gwamnati ba ne, hukuncin da ya ƙarfafa gwiwar al'ummomi irin wannan.

Dalilin da ya sa maganar ta zama mai muhimmanci shi ne abin da ke faruwa a Labuan Bajo, garin bakin teku da ke yammacin tsibirin. Da can ƙauyen masunta ne. Amma saboda shi ne ƙofar shiga gandun dajin Komodo, gidan manyan ƙadangarun nan, gwamnati ta sa shi cikin wuraren yawon buɗe ido da ta fi ba fifiko, har aka yi taron shugabannin ƙungiyar ASEAN a can cikin watan Mayu na 2023. Filaye sun yi tsada, rigingimun ƙasa kuwa sun yi ta kaiwa gaban alƙalai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

HANYAR ZUWA

Matafiyi yakan sauka filin jirgin sama na Komodo a Labuan Bajo, daga Jakarta ko tsibirin Bali. Daga nan sai tafiyar sa'o'i da dama cikin mota a kan hanya mai kwana-kwana, a bi ta Dintor a bakin teku zuwa Denge. Masu babur sukan ƙarasa da mutum bakin kurmi, sauran kuwa hawan dutse ne na sa'a biyu zuwa uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, domin da damina hanyar takan yi santsi.

Kafin a shiga ƙauyen akan buga wani ƙuge na gora don sanar da isowar baƙi. Sa'an nan a wuce babban gida, inda wani dattijo zai yi addu'ar maraba da ake kira waelu'u. Sai bayan wannan ne aka yarda baƙo ya zaga ko ya ɗauki hoto. A kan tabarma ake kwana, a ci abin da mutanen gida suka dafa, wutar lantarki kuwa ta 'yan sa'o'i ce da dare. Matan ƙauyen ne suke girki bi da bi, kuɗin da baƙi suka biya kuma ƙungiyar 'yan ƙauyen ce ke karɓa.

Wannan kuɗi ya taimaka wajen karatun yara da gyaran gidaje. Amma annobar korona ta 2020, wadda ta tsayar da baƙi cik, ta nuna hatsarin dogara ga sana'a guda, domin gahawa da gona su ne suka riƙe mutane a lokacin. Ga kuma muhawarar hanya: titi zai sauƙaƙa wa mai ciki da mara lafiya, amma zai iya kawo cunkoson da gidaje bakwai ba za su ɗauka ba. Amsar wannan tana hannun mutanen Wae Rebo, muddin ƙasar kakanninsu ta ci gaba da zama tasu.