Ko Kun Sani? Kalma Ɗaya, Bushewa Iri-iri

Bature na da kalmomi daban-daban na bushewa: dry ga busasshen abu, arid ga ƙasar da ba ta samun ruwan sama, drought ga fari. Mutanen Silobeniya kuwa kusan duk daga saiwa ɗaya suke ciro su. Busasshe shi ne suh, fari kuma suša. Ramammen mutum ma suh ne, haka wanda aljihunsa ya ƙone.

Abin burgewa, har cikin kalandarsu ta gargajiya kalmar ta shiga. Watan Maris sušec suke ce masa, wato lokacin da ƙasa ke tsanewa bayan ƙanƙarar hunturu ta narke. Sunan ya bayyana a rubuce tun 1466, cikin wani kundi na garin Škofja Loka.