Yadda hasken leza ke cin ƙarfe ba tare da gasa shi ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda a Gwarzo ya ga filasma: hasken nan mai kashe ido iska ce da tsananin zafi ya sa ta ɗaukar lantarki. Sai dai wutar walda tana daɗewa, zafinta ya bazu, har ƙarfe ya lanƙwashe.

Leza mai gajeren bugu ba ta ba zafi wannan dama. Cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa take sauke ƙarfinta, fatar ƙarfen ta tashi ta zama filasma, bakin ramin kuwa da ƙyar yake ɗumi. Donna Strickland da Gérard Mourou ne suka gano dabarar ƙarfafa wannan bugu a 1985, abin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2018.